BABI NA UKU: KOYAR DA ƊALIBAI BINCIKEN LABURARE DA GUJE WA SATAR ILIMI A HARABAR BARNAWA

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai yi bayani a kan abubuwa uku da ya wajaba a koya wa ɗalibi kafin ya fara rubuta kundin kammala karatu, wato yadda ake neman bayani a laburare, da yadda ake tantance ingancinsa, da kuma yadda ake guje wa satar ilimi. An ɗauki misalai daga Kwalejin Nazarin Muhalli da ke Barnawa, kudu da Kogin Kaduna, wadda reshe ce ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Ita wannan makaranta an kafa ta a shekarar 1956 a matsayin makarantar koyon sana'o'in fasaha, ta sami sunanta na yanzu a 1968, sannan Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1991. A harabar Barnawa ake horar da masu zanen gine-gine da masu safiyo da masu tsara birane da masu kula da filaye da gidaje. Kuskuren irin waɗannan ma'aikata ba ya tsayawa a kan takarda, domin yakan kai ga rigimar fili ko gina gidaje a kan hanyar ruwa.

3.1 Sanin Wuraren Bincike

Abu na farko da za a nuna wa ɗalibi shi ne inda bayanai suke. Babban laburaren makarantar, wanda aka sa wa sunan Alhaji Isa Kaita, tsohon Ministan Ilimi na Jihar Arewa, yana Tudun Wada. Bayan wannan, akwai Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa, reshen Kaduna, inda aka adana fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa da rubuce-rubucen Larabci. Har ila yau akwai Gidan Arewa, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. Wanda bai sami biyan buƙata a nan ba, sai ya nufi Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Shiga laburare daban, iya amfani da shi daban. Galibin laburaren manyan makarantun Nijeriya suna bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka wajen jera littattafai, inda ake ba kowane fanni haruffansa. Misali, NA na zanen gine-gine ne, TH na aikin gini, G kuwa ya ƙunshi labarin ƙasa da taswirori. Wasu kuma suna bin tsarin lambobi na Melvil Dewey na shekarar 1876, inda zanen gine-gine yake lamba 720. Saboda haka ya kamata a koya wa ɗalibi neman littafi ta hanyoyi uku: ta sunan marubuci, ko sunan littafi, ko batun da yake magana a kai, ko a katin katalog ne ko a kwamfuta. Ɗalibin da bai san wannan ba yakan wuni yana zagaya kanta, daga ƙarshe ya ce ba a yi rubutu a kan batunsa ba.

3.2 Tantance Madogara

Ba kowane bugaggen abu ne hujja ba. Tambayoyin da ake yi wa kowace madogara su ne: wa ya rubuta ta, yaushe, da wace manufa, kuma daga ina ya samo bayaninsa? Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga ƙasar Hausa, domin malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta, sun san halin kowane mai ruwaya.

Shekarar bugu tana da muhimmanci ƙwarai ga ɗaliban wannan haraba. Littafin da aka buga kafin 1987, idan ya ce Jihar Kaduna, to har da ƙasar Katsina yake nufi, domin a wannan shekara aka cire Jihar Katsina daga cikinta. Wanda ya kwatanta faɗin jihar ko yawan jama'arta na wancan lokaci da na yau ba tare da lura da haka ba, ya gina bincikensa a kan kuskure. Haka kuma littafin da ya yi bayanin mallakar fili kafin 1978 bai san da Dokar Amfani da Filaye ta wannan shekara ba, wadda ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna bisa amana.

Dangane da alƙaluma, ƙidayar 2006 ta fito da adadi biyu na mutanen Jihar Kaduna: na wucin gadi 6,066,562, da na ƙarshe 6,113,503. Duka biyun suna yawo a intanet, don haka dole ɗalibi ya faɗi wanda ya ɗauka da inda ya samo shi. Wannan bai nuna cewa tsohuwar madogara ba ta da amfani ba. Tsarin birnin Kaduna da Max Lock da abokan aikinsa suka wallafa a 1967 hujja ce mai ƙarfi a kan yadda garin yake a lokacin, amma ba zai zama hujja a kan Barnawa ta yau ba.

3.3 Satar Ilimi da Ire-irenta

Satar ilimi ita ce mutum ya ɗauki kalmomin wani, ko ra'ayinsa, ko zanensa, ya gabatar tamkar nasa. Ire-irenta sun haɗa da:

(a) kwafe rubutu kalma da kalma ba tare da alamar ɗauko magana ba;

(b) sauya 'yan kalmomi a bar ginin jimla yadda yake;

(c) fassara aikin wani daga Ingilishi ko Larabci ba tare da ambaton mai shi ba;

(d) ɗaukar tsohon kundi a canja sunan unguwa da shekara;

(e) sayen kundi daga masu shagunan buga takardu.

Nau'i na huɗu ya fi haɗari a fannin muhalli. Idan aka kwafe binciken magudanan ruwa na wata unguwa aka liƙa wa Barnawa, alhali Kogin Kaduna ya yi ambaliya mai tsanani a 2003 da 2012, to an samar da takardar ƙarya wadda wani zai iya dogara da ita gobe. Ta fuskar shari'a kuwa, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta kare littattafai da zane-zane da taswirori. Sai dai satar ilimi ta fi ƙeta doka faɗi, domin wanda ya kwafe littafin da wa'adin kariyarsa ya ƙare bai karya doka ba, amma ya ci amanar ilimi.

3.4 Hanyoyin Koyarwa

Laccar maraba da sababbin ɗalibai ba ta wadatarwa, saboda ana yin ta lokacin da ɗalibi bai da abin bincike a gabansa. Abin da ya fi dacewa shi ne malamin darasi da ma'aikacin laburare su haɗa hannu, a ba ɗalibi ƙaramin aiki kowane zango. Za a iya sa shi ya nemo madogara uku a kan batu ɗaya, ya bayyana wadda ta fi inganci da dalilinsa. Bugu da ƙari, a saba masa da rubuta sunan marubuci da shekara da shafi tun lokacin da yake karatu, ya kuma rufe littafin kafin ya taƙaita abin da ya fahimta. Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar abin koyi a nan, domin ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, yana lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu.

Manhajojin gano kwafe, irin su Turnitin, suna taimakawa, amma suna kwatanta rubutu ne da abin da ke rumbunsu kawai. Ba za su gano tsohon kundin da ba a taɓa sa shi a kwamfuta ba. Daga ƙarshen 2022 kuma, manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT sun kawo sabuwar matsala, domin sukan ƙago sunayen littattafan da babu su. Maganin wannan shi ne mai duba kundi ya buƙaci ganin kowace madogara, ya kuma karɓi aiki babi-babi tare da takardun awon da aka yi a fili.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an nuna wuraren bincike da ɗalibin Barnawa zai iya kaiwa gare su, da ma'aunan tantance madogara, da ire-iren satar ilimi, da hanyoyin magance ta. An ga cewa hukunci shi kaɗai ba ya wadatarwa matuƙar ba a koya wa ɗalibi hanyar da ta dace ba tun daga shekararsa ta farko. Babi na gaba zai dubi rawar da masu duba kundi suke takawa wajen tabbatar da wannan horo.