Mai Sana'ar Biki, Sunanki Shi Ne Jarinki

A wannan mako filinmu zai leƙa Ƙaraye da Rogo ne, a yammacin Jihar Kano, don mu tattauna a kan matan da ke cin abinci da hidimar biki, watau masu alkaki da nakiya da dubulan, da masu ƙunshi da gyaran jiki, da masu ɗinki, da masu turaren wuta da humra. Tambayar da ke bakin yawancinsu guda ce: yaya zan yi mutane su san ni, su kuma yarda da ni?

Wannan yanki ƙasar manoma ce, saboda haka bukukuwa sun fi yawa da kaka, bayan amfanin gona ya shigo gida, sai kuma gab da azumi da bayan Sallah. Ga masu noman rani da kamun kifi a madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, su ma suna aurar da 'ya'ya. Rogo kuwa tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, don haka ana ɗauko amare daga can, ana kai wasu. Har gwamnati kan shiga hidimar, kamar auren gata na watan Oktoba 2023, inda aka ɗaura aure 1,800 a faɗin Jihar Kano. Ashe kasuwa dai akwai ta. Abin da ke wuya shi ne samun amincewar jama'a.

Ki tuna, 'yar'uwa, ba alkaki kaɗai kike sayarwa ba, mutuncin uwar amarya ne a hannunki. Ran da aka kai gara gidan ango, dangin miji za su buɗe su duba, su ɗanɗana, su raba wa 'yan'uwa da maƙwabta. In alkakin ya sha mai mai kyau, nakiyar ta ji man shanu da kayan ƙamshi, kowace mace sai ta tambaya wa ya yi. In kuwa man ya yi ɗoyi, ko an tauye adadi, haka nan ma za a tambaya. Ke nan kowane bikin da kika yi shi ne tallan na gaba.

Abu na farko, cika alkawari. Bikin aure ba ya jiran kowa. Kada kwaɗayi ya sa ki karɓi aikin gida huɗu a mako guda alhali hannunki na biyu ne. Gara ki ce wa mace, "Yaya, ki yi haƙuri, makon nan na cika," ki nuna mata wata wadda kika amince da aikinta. Wannan gaskiyar za ta dawo miki da ita wata rana.

Na biyu, ki sayi littafi. Ki rubuta sunan mai aiki, da adadin abin da take so, da kafin alƙalamin da ta bayar, da abin da ya saura, da ranar karɓa. In ba ki rubutu, 'yarki 'yar makaranta ta rubuta, a karanta a gaban mai kayan. Tun da farashin sukari da fulawa da mai a Kasuwar Singa ba ya tsayawa wuri guda, ki faɗa tun farko kwana nawa kuɗin da kika yanka zai tsaya. Ƙarin kuɗi ana gobe biki shi ne ke raba zumunci. In ta waya aka turo kuɗi, kamar yadda aka saba tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ki tabbatar sun shiga asusunki kafin ki rubuta.

Na uku, maganar hoto. Yanzu 'yan mata a WhatsApp da Facebook suke neman mai ƙunshi ko mai ɗinki, kuma ba laifi ki nuna aikinki a can. Amma ki nuna na hannunki. Wadda ta ɗauko hoton aikin wata daga birni ta ce nata ne, asirinta zai tonu ran biki, gama ramin ƙarya ƙurarre ne. Kada kuma ki sa hoton amarya sai da yardarta da ta mijinta. Hannu da ƙafa sun isa nuna ƙunshi, ba sai an ga fuska ba.

Na huɗu, lafiyar amarya. Wani baƙin lallen ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi, wanda kan sa wa wasu ƙuraje da kumburi. Ki gwada ɗan kaɗan a hannunta kwana biyu kafin ranar ƙunshi. Haka nan ki guji haɗe-haɗen mayukan sauya fata da ba ki san abin da ke cikinsu ba.

Daga ƙarshe, riƙon sirri. Mai hidimar biki tana shiga har ƙuryar ɗaki, tana ganin wanda ya ci bashi da wanda kayan ɗakinsa bai cika ba. Abin da kika gani a gidan mutane ki bar shi a can. Bayan biki kuma ki aika a yi wa uwar amarya ban gajiya, ki tambayi ko akwai inda aka gaza. In akwai, ki karɓi gyara ba tare da musu ba, gama mace mai ƙanne da 'ya'ya, ba bikinta na ƙarshe ke nan ba.

Ku kuma iyayen amare, ku riƙa ba da aiki da wuri, ku biya hakki a kan kari, don mai sana'a ita ma iyali take riƙe da shi.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba amarenmu zaman lafiya a ɗakunansu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.