Teburin Harsashi Na TikTok, Da Teburin Da Za Ka Iya Kafawa A Mafara

Idan kana yawan lilo a TikTok ko YouTube da daddare, ƙila ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Wani Ba'amurke ne a garejin gidansa, ya haɗa tebur da kansa da katako mai araha, ya jera kwanson harsashi a 'yan kwanoni, yana sake cika su yana ta hira kamar mai ɗinkin hula. Makon jiya wani abokina ya turo irinsa a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu na sakandare, ya rubuta a ƙasa cewa wannan ai mu ya kamata mu koya, tunda mu ake kashewa. Kafin gari ya waye mutum kusan goma sun danna masa alamar wuta.

Ban yi masa dariya ba, don na san inda maganar ta fito. Kai ma ka sani. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar aka shiga Kwalejin Noma da ke Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a makarantar Kaya da ke Maradun, bayan 'yan kwanaki kuma aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Wanda ya tashi cikin wannan, in ya ga tebur cike da harsashi, ba wasa yake gani ba, mafita yake hangowa.

To amma tsaya ka ji. Mutumin cikin bidiyon a ƙasarsa yake. Dokar tarayyar Amurka ta bar mutum ya sake cika harsashi don amfanin kansa ba tare da lasisi ba, kuma yawancinsu maharba ne da masu wasan harbi da ke neman sauƙin kuɗi. Kayan aikin ma a shago yake sayowa da rasit.

A nan gida labarin ya sha bamban. Dokar makamai ta 1959, wadda har gobe tana aiki, ta hana kowa ƙera ko haɗa bindiga da harsashi in ba a wuraren da hukuma ta keɓe ko ta ba izini ba. Wannan aikin irin na masana'antar DICON ne da ke Kaduna, wadda aka kafa tun 1964. Mallakar makami ba bisa ƙa'ida ba kuwa na iya kai mutum ɗaurin shekara 10. Ka tuna lokacin da gwamnatin Bello Matawalle, a watan Yunin 2022, ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu? Ko mako ba a yi ba 'yan sanda suka ce takunkumin ba da lasisi yana nan, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. In maganar gwamna ba ta wuce ba, taka da bidiyon TikTok ce za ta wuce?

Kuma ka yi tunanin ranar da jami'an tsaro suka shigo unguwa bincike suka tarar da kwanson harsashi a ɗakinka. A Zamfara ta yau ba wanda zai tsaya jin cewa sha'awa ce kawai. Sunan da za a liƙa maka shi ne mai kai wa 'yan bindiga kaya, kuma wannan tambarin ba ya tsayawa a kanka kai kaɗai, har gidanku yake shafa. Mai son shiga aikin tsaro da gaske akwai ƙofa: soja, ɗan sanda, ko Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a watan Janairun 2024.

Akwai kuma abin da masu bidiyon ba su cika faɗa ba, wato dalma. Kan harsashi da dalma ake yin sa, ƙurarta kuma ba ta da wari balle ka gudu. Mu ai ba sai an ba mu labarin dalma ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara kusan 400 suka mutu saboda ana daka duwatsun zinari masu dalma a tsakar gida. Sai da likitocin MSF suka shafe shekaru suna jinyar waɗanda suka tsira, aka kuma kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Ƙaninka da ke rarrafe a ƙofar ɗakinka, duk abin da ya taɓa baki yake kaiwa. Ban ma zo kan albarushi a ɗakin kwano cikin zafin Afrilu ba.

Abin da na ce wa abokin nawa shi ne, ni a bidiyon teburin ne ya burge ni. Wannan kam halal ɗinka ne, kuma ba sai ka yi kuɗi ba. Je wurin masu katako, ko ka jira ranar Talata ka zaga kasuwar Mafara, ka nemi ragowar katakon gini ko tsohon ƙyaure mai kauri. Tsohon ƙyaure ya fi sabon falanki siriri sau goma, don ba ya lanƙwashewa. Tsayin teburin ya kai maka ƙugu in a tsaye za ka riƙa aiki, wajen santimita 90 ga yawancin mutane. Ƙafafu huɗu masu kauri, sannan a gilma katako a tsakaninsu ta baya da gefe. Nan ne yawancin mutane ke yin rowa, sai tebur ya riƙa rawa kamar ɗan kilili. Ka ce wa kafinta ya ɗaure da noti maimakon ƙusa, don ranar da za ka tashi daga shagon haya ka kwance abinka ka ɗora a Keke. A ƙasa ka yi kanta ka ɗora kaya masu nauyi, su za su danne shi. In ɗakin ƙasa ne, ɗora ƙafafun kan bulo ko ka shafa musu baƙin mai, in ba haka ba gara ta gama da shi kafin damina ta fita.

Me za ka yi a kai? Duba kewayenka mana. Manoman rani na Bakolori kullum injin ban-ruwansu na lalacewa, daga Mafara har Bakura. Kowane gida yanzu akwai fitilar sola ko fanka mai caji da ta mutu aka jefa a lungu. Wayoyi kuwa ba a magana. Da sukudireba, filaya, ƙaramar mita ta gwada wuta da ƙarfen liƙa waya, ka fara. YouTube ɗin da ya nuna maka harsashi, shi zai nuna maka yadda ake canza gurbin caji, datar ma ɗaya ce. Sai dai ka kula, wayar da ake narkawa wajen liƙin ita ma sau da yawa da dalma a cikinta, don haka ka kafa teburin kusa da taga, ka wanke hannu kafin ka ci abinci, kar kuma ka bar yara su yi wasa a wurin.

Abokin nawa dai bai ba ni amsa a zauren ba. Da yamma ya kira ni yana tambaya ko tsohon ƙyauren da ke jingine a zauren gidanmu na sayarwa ne. Na ce masa sai na tambayi Baba.