Renon Yaro Daga Goyo Zuwa Raba Makwanci a Ƙasar Shagari da Boɗinga

A ƙasar Shagari da Boɗinga ba a jiran yaro ya yi baki kafin a fara koya masa tsabta. Da zarar ya iya zama, uwa takan miƙe ƙafafunta ta ɗora shi a kansu da safe ko bayan ya sha nono, har jikinsa ya saba da lokacin. Dalili kuwa shi ne kullum yana goye, kuma najasa a zane tana hana salla. Sai dai likitoci sun nuna cewa yaro ba ya iya riƙe fitsari sai tsakanin wata 18 da shekara 3, kuma fitsarin kwance kafin shekara 5 ba ciwo ba ne. Don haka duka da gori tsoro kawai suke ƙara masa.

Raba makwanci kuwa mataki-mataki yake tafiya. Na farko shi ne yaye, wanda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ƙayyade cikarsa da shekara 2, ko da yake kwanika takan sa a gaggauta shi. A lokacin akan kai yaro wajen kakarsa, ya kwana a ɗakinta har ya manta da nono. Na biyu yana zuwa a shekara 10, inda hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya yi umurni da a raba shimfiɗar yara. Namiji yakan koma zaure ko ɗakin samari, mace kuwa ta zauna ɗakin uwarta har aure.

Ashe ke nan Bahaushe ba ya barin yaro ya kwana shi kaɗai. Abokan kwana ake sauya masa gwargwadon shekarunsa.