Ƙiba ko Kumburi? Matsalar Kalmomi Wajen Lura da Taruwar Ruwa ga Mai Gazawar Zuciya

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi kalmomin da ake buƙata wajen koya wa majinyaci lura da jikinsa a gida, musamman a gari irin Minna, inda Hausa ce ke haɗa Bagwari da Banufe da Bahaushe a kasuwa da asibiti.

2.0 Yanayin Cutar

Idan zuciya ta kasa harba jini yadda ya kamata, sai ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ruwan ya taru a ƙafafu da ciki da huhu. Lita 1 ta ruwa daidai take da kilo 1. Saboda haka ake umurtar majinyaci ya hau sikeli kowace safiya, bayan fitsari, kafin karin kumallo. Ƙarin da ya haura kilo 2 cikin kwana 3 alama ce ta a gaggauta ganin likita. Haka kuma yakan danna ƙwaurinsa da babban yatsa. In gurbin ya zauna, ruwa ne.

3.0 Matsalar Kalmomi

Da farko, "ciwon zuciya" na da harshen damo, domin Bahaushe na nufin baƙin ciki da shi. Wanda aka ce yana da shi zai iya neman haƙuri maimakon magani. "Gazawar zuciya" ta fi dacewa.

Na biyu, "ƙiba" abar yabo ce, musamman ga mai jego. A shekarun 1970, Davidson da Parry sun bayyana yawaitar cutar tsakanin masu jego a Zariya, suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. Mai jegon da aka ce "ta yi ƙiba" alhali kumburi ne, an rufe mata ƙofar asibiti da yabo.

Na uku, akan ɗauki "haki" a matsayin gajiya ko fuka. Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce: "Matashi nawa kike kwana a kai?" domin ruwan huhu kan hana kwanciya miƙe.

4.0 Kammalawa

Sikeli lamba kawai yake nunawa. Kalma ce ke fassara ta. Wajibi ne masana harshe da likitoci su daidaita waɗannan kalmomi, a kuma samar da takwarorinsu cikin Gwaranci da Nufanci.