Cin Rani Ba Tare da Barin Gida Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora bayan an gama girbi ya san yadda wurin yake cika. Samari ne daga Kiru da Bebeji da ƙauyukan Tudun Wada, kowa rungume da jakarsa, suna jiran motar Kudu. Wani Legas ya nufa zai tura baro, wani gadi zai yi a Fatakwal, wani leburanci a Abuja. Ba a sake ganin ƙeyarsu sai hadari ya fara haɗowa daga gabas. Cin rani ke nan, kuma lissafinsa a fili yake: ka kai ƙarfinka inda ake sayensa da daraja, ka dawo da kuɗin inda kwanon masara yake da sauƙi.

To, yanzu akwai wasu mutane a duniya da suke wannan lissafin ta wata fuska. Su ba sa zuwa wurin aiki, aikin ne yake bin su ta intanet duk inda suka yada zango. Mutum yana yi wa kamfanin Jamus ko Amurka aiki, amma watan nan yana Tailan, wata mai zuwa yana Fotugal, duk ofishinsa bai wuce kwamfuta ɗaya a jakar goyo ba. Turawa suna ce musu "dijital nomad", wato makiyayan zamani. Sunan ya bazu ne daga wani littafi da Tsugio Makimoto, mutumin Japan, da David Manners na Ingila suka fitar a 1997, inda suka yi hasashen cewa na'urori za su ƙanƙance, sadarwa ta yi araha, har mutum ya daina zama dole a garin da ofishinsa yake. An daɗe ana kallon abin kamar rayuwar 'yan tsiraru, sai da annobar korona ta rufe ofisoshi a 2020, kamfanoni suka ga ashe aiki yana tafiya ko da ma'aikaci yana ɗakin kwanansa.

Ni dai wannan suna na makiyayi bai kwanta mini ba. Bafulatanin da yake kora shanunsa a gefen dajin Falgore dole ce take tayar da shi: ciyawa ta ƙare, rafi ya ƙafe. Wannan kuwa ganin dama ne yake tayar da shi. Idan da wanda ya yi kama da shi a tarihinmu, to falke ne, kuma a wannan yanki ba sai an yi wa kowa bayanin fatauci ba. A Bebeji aka haifi Alhassan Dantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa. Tun yana saurayi ya bi hanyar Gwanja har ya dangana da Ankara, inda mahaifiyarsa take zaune. Abin da ya bambanta shi da sauran fataken goro shi ne ya lura da sabuwar hanya: maimakon ayarin jakuna mai cin watanni, yana cikin na farko da suka riƙa loda goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano kuma, ya koma kan gyaɗa. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Intanet ita ce jirgin ruwan wannan zamani. Har sauran kayan fataucin suna nan: shafuka irin su Upwork da Fiverr su ne dillalai, suna haɗa mai aiki da mai biya su yanki la'adarsu, Fiverr ma kashi 20 cikin 100 yake cira. Taurarin da abokin ciniki yake ba ka bayan ka gama aiki kuwa su ne shaidar da fatoma yake bayarwa a zango cewa wane mai amana ne.

Hotunan da ake gani a Instagram, na Bature zaune a bakin teku da kwamfuta a cinya, sun sa mutane suna zaton yawon buɗe ido ne kawai. Akwai wannan, amma ba shi ne gishirin ba. Abin da ya tara su a Ciyan Mai ta Tailan, da tsibirin Bali na Indunusiya, da Madelin ta Kolombiya shi ne arahar rayuwa. Albashin da ba zai ishe ka hayar ɗaki biyu a Landan ba, a can zai ba ka gida da abinci har ka yi ajiya. Ƙasashe ma sun gane akwai romo a ciki, domin baƙon yana kashe kuɗi a ƙasarsu ba tare da ya ƙwace aikin ɗan ƙasa ba. Barbados da Istoniya suka fara ba da biza ta musamman a 2020, Fotugal da Namibiya suka biyo baya a 2022, Sifaniya a 2023, yau ƙasashe sama da 50 suna da irinta. Ba kowa ne yake murna ba. A Lizbon 'yan gari suna kukan kuɗin haya ya gagare su, a birnin Meziko kuwa har zanga-zanga aka yi a Yulin 2025.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Istoniya tana so ka nuna kana samun yuro 4,500 a wata, wajen naira miliyan bakwai ke nan. Barbados tana neman dala 50,000 a shekara, ga kuɗin biza dala 2,000. Namibiya, da take mai sauƙi a cikinsu, dala 2,000 take nema a wata. Sannan ga koren fasfo, wanda duk mai riƙe da shi ya san irin tambayoyin da yake sha a ofishin jakadanci. Ƙofar da take buɗe wa ɗan Najeriya ba wahala ita ce ta maƙwabta: yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar kwana 90 ba biza a Gana ko Benin ko Senegal, kuma a Kumasi ko Ankara ba zai rasa zangon da ake jin Hausa ba.

A nan ne nake ganin matasanmu suna karanta labarin a juye. Suna kallon tafiyar, alhali ribar tana cikin bambancin inda ake biya da inda ake kashewa. Baturen nan sai ya hau jirgi na awa goma sha wani abu kafin ya isa inda rayuwa take da sauƙi. Ɗan Burumburum kuwa a can aka yanke masa cibiya. Garin da tarihi ya fi sani da cewa a nan Sarkin Kano Alwali ya gamu da ajalinsa a 1807, yau yana da abin da mutumin Landan yake ƙetare teku yana nema: ɗakin da ba a biyan haya, shinkafar Tudun Wada a kusa, masara a rumbu. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Wannan ya gasa wa talaka aya a hannu, amma mai karɓar dala ya sha daɗi. A wancan canjin, dala 300 a wata naira 450,000 ce, ninki shida da ɗoriya na mafi ƙarancin albashin Jihar Kano, wato 71,000. Dala 300 ɗin nan ba ta isa mako guda a Lizbon.

Wane aiki? Manya a cikinsu su ne rubuta manhaja, zanen tallace-tallace, gyaran bidiyo da lissafin kuɗi na kamfanoni, kuma kowanne yana cin shekara ɗaya ko biyu ana koyo da gaske. Amma akwai hajar da mutumin nan yake da ita tun daga nonon uwa, wato Hausa. Tun da Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, buƙatar masu fassara, masu mayar da murya rubutu, da masu duba amsoshin da na'urori masu ƙirƙirarriyar basira suke bayarwa sai ƙaruwa take yi. Sharaɗin shi ne ka iya Turanci daidai gwargwado, kuma ka iya rubuta Hausar bisa ƙa'ida. Wanda bai bambance "ƙasa" da "kasa" ba, ko yake haɗe "ya na" da "yana" yadda ya ga dama, tun a gwajin farko ake sallamarsa.

Mu ƙaddara wani saurayi a Burumburum, ya gama NCE shekara uku ba aiki. Ya sayar da buhunan masara, ya shiga Kano ya sayo kwamfuta ta hannu a titin Beirut, ya kafa farantin sola ɗaya a kan rufin kwano, da batir da 'yar inbata. Wayarsa tana jingine a taga ta gabas, domin a nan kaɗai sabis yake kai sanda uku, daga ita kwamfutar take jan data. Ya toshe kunnuwa yana sauraron hirar wasu manoma, yana rubuta ta kalma bayan kalma, yana mayar da sautin baya sau huɗu saboda wani dattijo ya haɗiye rabin maganarsa. Awa guda ta murya takan ci masa awa biyar ko shida. Mai aikin yana Niyok, ƙarfe tara na safensu ƙarfe biyu ko uku ne na ranarmu, don haka taron bidiyo yakan faɗo daidai Magariba, kuma Juma'a a wurinsu ranar aiki ce kamar kowace. Yana tsaka da bayani injin niƙan maƙwabta ya tashi. Mahaifiyarsa ta ɗaga labule, ɗan fari ne ba ta kama sunansa: "Kai wannan, tun hantsi kana ɗaka kamar amarya. Sa'anninka suna can suna nema." Ya cire abin kunne ya ce, "Inna, ai neman nake yi." Ba za ta yarda ba sai ranar da ya dawo daga mai POS ya ajiye mata kuɗin cefanen wata. A majalisa kuma an fara raɗe-raɗin ko yaron nan damfarar intanet ya shiga. Wannan zargin ciwo ne na gaske, maganinsa kuwa shi ne mutum ya buɗe kwamfutar ya nuna wa iyaye da liman abin da yake yi.

Na kawo namiji ne a misali, amma wadda abin ya fi yi wa rana ita ce mace. Matan yankin nan sun daɗe suna sana'a daga cikin gida, daga turara shinkafa zuwa ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula, yara suna kai talla. Matar aure mai difloma da ba za ta je Abuja aiki ba tana iya fassara ko koyar da karatu ta bidiyo daga tsakar gidanta, ba tare da ta ɗora wa 'yarta faranti a ka ba.

Wuta da sabis su ne ruwa da ciyawar wannan kiwo, kuma dukansu ba su da tabbas. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun haura mako guda cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya faɗi. A Maris na shekarar, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Kwaddibuwa, Afirka ta Yamma ta wuni tana lalube. A 2021 gwamnati da kanta ta rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda tsaro. Mai aiki a Turai ba ruwansa da wannan, ranar da aka yi alkawari kawai ya sani. Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, yana kuma aiki ko a tsakiyar duwatsun Riruwai, amma na'urarsa ta dubban ɗaruruwa ce, kuɗin wata kuma dubban gomomi, ya fi ƙarfin mutum ɗaya mai farawa. Karɓar kuɗin ma sai da shiri: asusun dala a banki, ko manhajoji irin su Payoneer da Grey, da lambar NIN da BVN masu suna iri ɗaya. Aikin kansa ba shi da fansho ba shi da sallama. A Maris na 2024 shafin Remotasks ya rufe ƙofarsa ga ma'aikatan Najeriya da Kenya dare ɗaya. Wanda ya jingina da bango guda, ranar ya sha ƙasa. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya saki fartanya.

Sai babbar annoba, wato masu sayar da mafarki. Kowa ya tuna 2024, lokacin da yara da manya suka duƙufa suna dangwalar waya da sunan mainin, har aka fashe wasan Hamster Kombat a watan Satumba, mutane suka tashi da abin da bai biya kuɗin datarsu ba. A Afrilun 2025 shafin CBEX ya rufe da dukiyar jama'a, kamar yadda MMM ya yi a 2016. Duk waɗannan ana tallata su ne da sunan "aiki a intanet". Banza ba ta kai zomo kasuwa. Alamar a bayyane take: aikin gaskiya wani abu kake yi wa wani, shi kuma ya biya ka. Duk inda aka ce ka fara biyan kuɗin rajista, ko ka kawo mutum uku a ƙarƙashinka, to kai ne hajar.

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 don horar da matasa miliyan uku fasahar zamani, amma yaron da yake Yaryasa ko Dariya ko Yako, ko ya samu gurbi, a ina zai zauna ya yi darasin? Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, da 'yan majalisarmu masu rabon babura da kekunan ɗinki, da attajiran yankin: a ware ɗaki ɗaya a kowane babban gari, a sa masa sola, da intanet mai ƙarfi, da kwamfutoci goma, a ware wa mata ranakunsu, a ɗora wa wani malami amanar makullin. A lissafina, kuɗin babura goma sun isa a buɗe na farko, kuma ina ganin a fara da Burumburum.