Ɗan Aji Huɗu, Turanci, da Aikin da Ya Rage wa Iyaye a Garki

Tun da ministan ilimi na tarayya, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a watan Nuwamba na 2025 cewa an soke manufar koyar da 'yan firamare da harshen uwa, wadda aka amince da ita a 2022, wani tsohon zato ya sake samun gindin zama a zukatan iyaye a Garki da sauran garuruwan masarautar Ringim, wato cewa mahaifin da bai yi boko ba ba shi da ta cewa a karatun ɗansa. Wannan zato kuskure ne, kuma ɓarnarsa ta fi yawa daga aji huɗu zuwa aji shida.

A azuzuwa uku na farko ana koya wa yaro haɗa baƙi da wasali har ya iya karanta jimla, amma daga aji huɗu malami yana ɗauka cewa an wuce wannan mataki, sai ya rubuta darasin kimiyya ko na zamantakewa a allo, yana sa ran yaron zai karanta ya fahimta, ya amsa tambaya da jimlar kansa, ya kuma yi doguwar rabawa da lissafin ɓangarori, wato rabi da sulusi da rubu'i. Yaron da ya iso nan bai iya karatu ba yakan ɓuya cikin kwafe, domin yana iya cika littafi da rubutu mai kyau ba tare da ya san abin da ya rubuta ba, kuma a ajin da yara suka yi wa malami yawa babu mai lura har sai jarrabawar shiga ƙaramar sakandare ta tona asiri.

Iya karatu fasaha ce guda ɗaya, ko da wane harshe aka fara ta. Wanda ya iya huɗa a gonar gero, idan aka kai shi gonar riɗi ba sai an sake koya masa riƙon garma ba. Haka yaron da ya ƙware a karanta Hausa yake shiga Turanci da sanin cewa harafi sauti yake ɗauka, jimla kuma ma'ana, abin da ya rage masa shi ne tara kalmomi. Saboda haka hana yaro littafin Hausa irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da nufin wai Turancinsa ya gyaru, rage masa ƙarfi ne.

Iyaye a Jigawa sun daɗe da sanin yadda ake bibiyar karatu, domin uwar da ke sa ɗanta ya biya allonsa bayan magariba ta san bambancin wanda ya riƙe da wanda ke lalube. Abin da ake buƙata shi ne a yi wa littafin boko irin wannan kulawa: a ce wa yaro ya buɗe shafin yau ya karanta da ƙarfi yana bin layi da yatsa, sannan ya rufe ya faɗi abin da ya fahimta da Hausa. Idan ya kasa, an gano matsalar tun da sauran lokaci. Ko wanda bai san harafi ba yana iya duba kwanan wata da jan biron malami, ya gane ko ana aiki ana kuma dubawa. Lissafi kuwa yana nan a cinikin mudu da canjin kuɗin cefane. Sai kuma zuwa makaranta kullum, wanda talla da ranar kasuwa da aikin kaka ke yi wa giɓi, alhali rabawa ba ta zama ga wanda ya rasa makon da aka koyar da ninkawa.

Hukumomi ma da nasu alhakin. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye kai yara makaranta shekara tara kyauta, amma an sauya harshen koyarwa sau biyu cikin shekara uku ba tare da an zauna da iyayen an yi musu bayani ba. Da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ke Dutse za ta fitar da takarda guda da Hausa, a boko da ajami, mai nuna abin da ya kamata ɗan kowane aji ya iya a ƙarshen zango, kwamitocin kula da makarantu su karanta ta a masallatai da makarantun Islamiyya na mata, da mahaifi ya san tambayar da zai yi wa hedimasta idan ya je karɓar sakamako.