Shuka Furen Airis daga Ƙwayar Irin Lambun Gida

Airis dangin furanni ne na ƙasashe masu hunturu, wanda masana tsirrai suka ƙidaya ire-irensa kusan 300, daga Turai da gaɓar Bahar Rum har zuwa Asiya da Arewacin Amurka. Wanda ya fi yawa a lambunan gidajen Ingila da Faransa da Amurka shi ne airis mai gemu, wanda ya sami wannan suna saboda jerin gashi mai laushi da ke kan ganyayen furensa uku masu sunkuyawa ƙasa, yayin da wasu ukun suke miƙe sama. Tsiron yana da kakkaurar saiwa da ke kwanciya a fuskar ƙasa kamar citta, kuma da raba wannan saiwa ne yawancin masu lambu suke yawaita shi, domin duk yankin da aka dasa furen uwarsa zai fitar, ba ragi ba ƙari. Shuka ƙwayar iri kuwa wata harka ce dabam, tun da mai yin ta, ko ya sani ko bai sani ba, sabon fure yake nema, ba maimaita tsohon ba.

Dalilin haka yana cikin tarihin furen. Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, yawancin airis masu gemu na lambunan Turai suna da kuromosom 24, wato zaruruwan da ke cikin ƙwayar halitta masu ɗauke da gadon launi da tsayi da ƙamshi. A wannan zamani ne Michael Foster, malamin kimiyyar aikin jiki a Jami'ar Kambirij, wanda ya rasu a 1907, da wasu masu sha'awa irinsa suka fara barbarar na Turai da manyan ire-iren da aka kawo daga Turkiyya da tsibirin Kuburus, masu kuromosom 48. A 1917 aka fitar da wani fure mai suna Dominion, na Arthur Bliss, wanda kaurin ganyen furensa da zurfin launinsa suka sa masu barbara suka yi ta jawo zuriya daga gare shi. Saboda haka airis mai gemu na yau galibi yana ɗauke da kwafi huɗu na kowace ƙwayar gado maimakon biyu, kuma kwanso guda na fure mai launin shuɗi yana iya haifar da ɗorawa da fari da algashi, har da masu launin ƙasa-ƙasa da ba su da wani kyau.

Kwanson da ƙudan zuma suka yi wa barbara uwarsa kaɗai aka sani, shi ya sa masu son sanin asali suke yin aikin da hannu: a cire sandar garin fure daga uban da hantsaki, a goga a kan ɗan leɓen da ke karɓar garin a furen uwar, sannan a rataya takarda mai sunayen iyayen biyu. Idan barbara ta kama, gindin furen yakan kumbura ya zama koren kwanso mai ɗakuna uku, wanda yake ɗaukar kamar wata biyu kafin ya nuna. Alamar nunarsa ita ce ya koma ruwan ƙasa, bakinsa ya fara tsagewa daga sama. Wanda ya yi jinkiri bayan wannan, a ƙasa zai tsinci irinsa. Ana shanya ƙwayoyin a inuwa har su yanƙwane su taurare, a adana su cikin ambulan na takarda, domin leda tana riƙe danshi ta jawo fumfuna.

Wurin da yawancin sababbin hannu suke karaya shi ne tsirowa. Ƙwayar airis tana da sinadaran da ke hana ta tsira har sai ruwa ya wanke su, sanyi kuma ya ratsa ta, kuma wannan ne yake kare jaririn tsiro daga fitowa a bakin hunturu, ƙanƙara ta kashe shi. Mai lambu yana da hanya biyu. Ko dai ya shuka da kaka cikin tukwane, zurfin kamar santimita 1 zuwa 2, ya bar su a waje ruwan sama da dusar ƙanƙara su yi aikinsu, ko kuwa ya jiƙa irin na mako ɗaya ko biyu yana sauya ruwan kullum, sannan ya sa shi cikin yashi mai danshi a firiji na wata biyu zuwa uku. Ko da an bi wannan ƙa'ida sau da ƙafa, wasu ƙwayoyin ba sa motsi sai a shekara ta biyu ko ta uku, don haka zubar da tukunyar da ba ta nuna komai ba a shekarar farko babbar asara ce.

Tsiron da ya yi ganye huɗu ko biyar ana mai da shi fili mai rana sosai da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, kuma ba a binne saiwar da zurfi, domin ruɓewa take yi. Fure yakan zo a shekara ta biyu ko ta uku, kuma a nan ne ake bukatar ƙarfin zuciya, domin mafi yawan 'ya'yan ba sa kamo uwarsu a kyau, kuma tumɓuke su ya fi alheri da barin su cinye wuri. Wanda ya cancanci a riƙe bai kamata a laƙaba masa sunan uwarsa ba, tun da hakan rikita asali yake yi wa duk wanda aka ba kyautar saiwarsa. Ƙungiyar Airis ta Amurka, wadda aka kafa a 1920, ita ke rajistar sunayen sababbin airis masu saiwa na duniya, kuma babbar lambar yabon fannin, da ake bayarwa tun 1927, tana ɗauke da sunan William Dykes, Baturen Ingila da ya wallafa babban littafi a kan dangin a 1913.

Ba kowane airis ne ya dace da wannan hanya ba. Farin airis na Yaman da ƙasar Larabawa, wanda Musulmi suka yaɗa har Arewacin Afirka da Andalus ta hanyar dasa shi a maƙabartu, da wuya ya ba da iri, saiwarsa ce ta kai shi duk inda ya je. Ɗorawan airis na bakin fadama kuwa ƙwayoyinsa kan ruwa suke yawo, har ya zama annoba a rafukan Arewacin Amurka da Niyuzilan, shi ya sa ake shawartar masu lambun can su yanke kwansonsa tun yana kore.